Yadda nake gasa kobla ta fich a gida

Kobla wani abin zaƙi ne na mutanen jihohin kudu na ƙasar Amurka da ake ci bayan an gama cin abinci, 'ya'yan itace ne da ƙullun fulawa a gasa su tare a faranti ɗaya, kuma wadda ta fi suna a cikinsu ita ce ta fich. In baki san fich ba, ɗan itace ne mai laushi, girmansa kamar lemun zaƙi madaidaici, bayansa da ɗan gashi-gashi, ciki ruwan ɗorawa da ƙwallo ɗaya mai tauri a tsakiya. A jikin gwangwani za ki ga an rubuta peach. Asalinsa daga Sin ne, har yau ma su suka fi kowa nomansa a duniya, amma mu nan jihar Jojiya inda nake zaune an mayar da shi kamar tambarin gari, a Atlanta tituna barkatai ne ke ɗauke da sunan Peachtree, duk da dai Kalifoniya da Karolina ta Kudu sun fi Jojiya yawan abin da suke nomawa.

A wajen wata dattijuwa maƙwabciyata baƙar fata na koya, Mama nake ce mata. Su a gidajensu ba a taron dangi ko cin abincin ranar Lahadi ba tare da kobla ba. Iri-iri ce, akwai wadda ake murza kwaɓaɓɓiyar fulawa a rufe saman, akwai wadda ake ɗiga kwaɓi mai kauri cokali-cokali a kai, sai kuma ta ƙullu mai ruwa wadda ita ce mafi sauƙi, kuma ita na riƙe har yau saboda ba ta buƙatar injin bugawa ko abin murji, kwano ɗaya da cokali sun isa.

Awon ma ba sai kin rubuta ba: fulawa kofi 1, suga kofi 1, madara kofi 1, bota sanda 1 wato giram 113, sai bekin foda ƙaramin cokali 1 da rabi da ɗan gishiri. In fulawarki mai tashi da kanta ce toh ki bar bekin fodar da gishirin, suna ciki. Fich kuma yankakke kamar kofi 4, manya guda 5 ko 6 kenan. Ni dai gaskiya kofin suga guda ya yi min yawa, kashi uku cikin huɗu nake sawa a ƙullun in ɗan barbaɗa cokali 2 ko 3 a kan fich ɗin, kuma ban taɓa jin wanda ya ci ya ce zaƙi bai ji ba. In suga ya yi yawa ɗanɗanon ɗan itacen ne ke ɓacewa, alhali dominsa aka kunna oben ɗin tun farko.

Maganar zaɓen fich ita ce inda na fi daɗewa ina koyo. Lokacinsa a nan daga tsakiyar Mayu ne zuwa Agusta. Na farkon kaka namansa manne yake da ƙwallon, sai kin yi ta fama da wuƙa, amma daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli irin da ƙwallonsa ke fita da kansa yake shigowa, kina tsaga shi ki murɗa sai ya rabu biyu, wannan shi na fi so. Kar jan jikinsa ya ruɗe ki, jan nan gefen da rana ta buga ne kawai. Ki shinshina, in ƙamshi ya daki hancinki kuma kin ɗan danna kusa da hancinsa kin ji ya lotsa kaɗan toh ya nuna. In da tauri kika sayo ki sa shi a jakar takarda ki ajiye a kicin ya kwana biyu, kar ki kai shi firij tun bai nuna ba, sanyin nan yana kashe shi ya koma gari-gari ba ruwa ba ɗanɗano, kuma daga nan duk sugan da za ki zuba ba zai dawo da shi ba.

Ɓare bayan ba wuya. Ki ɗan tsaga gindinsa da wuƙa, ki tsoma a tafasasshen ruwa kamar daƙiƙa 30, ki tsamo ki jefa a ruwan ƙanƙara, da yatsa ma fatar za ta saluɓe. Sai ki yanka, ki zuba sugan nan da kirfa rabin ƙaramin cokali, ɗan gyaɗar ƙamshi, da matsin lemun tsami, ki bar shi ya yi minti 20. Za ki ga ya fitar da ruwa mai yawa. In ruwan ya yi yawa sosai ina sa garin kwan fulawa, wato sitacin masara, ƙaramin cokali 2 in juya, shi ke sa romon ya yi kauri a wuta maimakon ya jiƙa komai. Lemun tsamin nan kar ki raina shi dan Allah, shi ke farkar da ɗanɗanon. Wani sa'in nakan goga ɗanyar citta kaɗan a ciki, Mama ba ta sawa amma da ta ɗanɗana ta ce ta karɓe shi.

In za ki sa banila don ƙamshi, akwai abu ɗaya da ya kamata mu Musulmi mu lura da shi, ruwan banila na asali da ake sayarwa a Amurka da giya ake tatsarsa, doka ma ta ce sai giyar da ke ciki ta kai kashi 35 cikin 100. Akwai wanda ba giya a ciki, akwai kuma na gari, ki karanta jikin kwalbar kafin ki saya, in baki samu ba ki bar shi kawai, kirfa ta wadatar.

Toh yanzu ga ainihin aikin. Ki kunna oben a 180, a namu na nan 350 ake rubutawa saboda ma'aunin ya bambanta. Ki sa botar a farantin gashi mai ɗan zurfi ki tura ciki ta narke, ni ina barinta har ta fara kumfa ta ɗan yi ja tana ƙamshi, amma fa a tsaye nake a wajen don tsakanin ja da ƙonewa ba nisa. Kafin nan kin haɗa fulawa da suga da bekin foda da gishiri da madara, juyawa kaɗan kawai har garin ya ɓace, ko da 'yan gudaji ba komai, yawan bugu ne ke sa ta yi danƙo. Ki fito da farantin da zafinsa ki zuba ƙullun a kan botar. Kar ki juya. Ki ɗebo fich ɗin da ruwansa ki jera a kan ƙullun. Nan ma kar ki juya.

Wallahi a nan hannu yake ƙaiƙayi, don abin da za ki gani a farantin ba kyan gani, mai yana yawo a gefe, ƙullu tsululu, 'ya'yan itace a sama, zuciyarki za ta ce ki ɗan gyara shi. Mama ta ce min "'yata, ajiye cokalin nan ki tura wuta," kuma ita ce da gaskiya. Da zafi ya shiga bekin foda zai saki iska, ƙullun ya yi sauƙi ya taso ta tsakanin yankan fich ɗin, shi kuma fich da nauyinsa ya nutse ƙasa ya dahu a cikin romonsa, botar da aka ture gefe ita kuma ta soya bakin ya yi ƙamas-ƙamas irin gefen masa da ta ji mai. In kika juya kin haɗe su wuri ɗaya, abin da zai fito wani kek ne mai nauyi jiƙaƙƙe, wannan gefen da yara ke rububi a kai kuwa babu shi.

Minti 40 zuwa 50 take ɗauka, amma na daina dogara da agogo don kowane oben da halinsa. Abin da nake dubawa saman ya yi ja sosai har tsakiya, romon kuma yana tafasa ta gefe. In tsakiyar fari ce tana rawa toh ƙasanta ɗanye ne, ki ƙara mata lokaci, in kin ga gefen zai ƙone ki yafa masa takardar foyil. Bayan kin sauke ki ba ta minti 20 ta huce, romon sai ya huta yake kama jikinsa. Da ɗuminta ake ci, su nan da ayis kirim suke ɗorawa, mu a gidanmu har da yogot mara suga muna ci kuma ni ya fi min.

'Yan uwa da ke gida suna yawan tambayata ya za su yi tunda fich ba ya yi a ƙasa mai zafi, itacen sai ya sha sanyin hunturu na sa'o'i masu yawa kafin ya yi fure. Na gwangwani yana yi sarai, da shi nake yi in lokacinsa ya wuce, su kansu 'yan kudun da yawa da shi suka saba. Babban gwangwani mai giram 800 da ɗoriya ya isa, ki tsiyaye rabin ruwan ki ƙara rage suga don a ruwan zaƙi yake kwance. Mangwaro ma na gwada ya yi daɗi ƙwarai, sai dai ki nemi marar zare wanda bai nuna ya lugwigwice ba, ki ƙara masa lemun tsami.

Rashin oben ma ba zai hana ki ba, don tun asali a tukunyar ƙarfe mai murfi ake yinta a kan garwashi, har yanzu masu kwana a daji a nan haka suke yi. Ki samu tukunya mai kaurin gindi, garwashi kaɗan a ƙasa, mafi yawansa, kamar kashi biyu cikin uku, a kan murfi, kina ɗan jujjuya tukunyar lokaci-lokaci don kar gefe ɗaya ya ƙone. In ta yi saura ki rufe ki sa a firij, gobe ki ɗumama a oben ko a kasko da wuta ƙasa-ƙasa, maikurowef yana ɗumamawa amma saman laushi zai yi.