Yasar kwalbatin layinmu a Tudun Wada

Shekara uku ke nan ina riƙe da ma'ajin kwamitin layinmu, kuma yasar kwata kafin damina a wuyana take. Kamar yawancin unguwannin Zariya, ba mu da bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazanta. Ruwan wanka da na wanke-wanke, har da na sokawen wasu gidajen da ke yoyo, duk lambatu ɗaya suke bi, su ratsa ta wani dogon kwalbati mai rufin silab, su gangara kogin Kubanni. Idan leda da yashi suka toshe kwalbatin nan, ruwan Agusta zaurukanmu yake shigowa.

Shekarar farko mun tara kuɗi gida-gida, mutum uku suka kawo farashi, muka ba wanda ya fi araha. Kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba, na kuwa ji daɗi, don kuɗin jama'a amana ne. Ba mu rubuta komai ba. Ya karɓi kafin alƙalami mai tsoka, ya zo da yara biyar da shebur da manjagara da baro ɗaya.

Rana ta biyu wajen azahar na ji ihu. Wani matashi cikin leburorin ya kutsa cikin kwalbatin da rarrafe, daga shi sai gajeren wando, ƙafa ba takalmi. Ya caka shebur cikin baƙin taɓon da ya shekara kwance, sai aka ji shiru. Allah ya sa bai yi nisa ba, ta ƙafa aka janyo shi. Har yau ina ganin fuskarsa: baƙin taɓo a gira, leɓe ya bushe, ido a kakkafe. Wani abokin aikinsa ya yunƙura zai shiga ɗauko shebur ɗin, wani dattijo maƙwabcinmu ya riƙe shi gam ya ce, "Ɗana, bar shi, bai kai ranka ba." Muka sa yaron a Keke Napep zuwa asibiti, ya farfaɗo. Kuɗin magani kwamiti ne ya biya, don ɗan kwangilar cewa ya yi ba a yi da shi haka ba.

Wani duba-gari ne ya fahimtar da ni daga baya. Ruɓaɓɓen taɓo yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a ƙasan rami, daidai inda mai rarrafe yake sa hanci. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne idan ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mutum ya ɗauka ta tafi alhali lokacin ta fi haɗari. Akwai kuma wata mai kamawa da wuta, don haka ba ashana, ba sigari a bakin rami. Takunkumin ƙyalle ba ya tare ko ɗaya daga cikinsu. Ya kuma ce sau da yawa mai shiga ceto shi ne mutum na biyu da ke faɗuwa.

Taɓon da aka kwaso ma a gefen titi aka jibge shi. Ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Nan na gane inda arahar ta ɓoye: babu kuɗin tifa a ciki, babu kayan kare lafiya.

Shekara ta biyu na je wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, a wannan karon sai da takarda." Gwamnati tana da dokar bayar da kwangila tun 2007, wadda ta tanadi gasa a fili da rubutacciyar yarjejeniya, mu ma muka ɗauki wannan daidai ƙarfinmu. Muka auna tsawon kwatar, muka ce kowa ya rarrabe farashinsa: na leburori daban, na tifa daban, na takalmin roba da safar hannu da igiya daban, na siminti idan silab ya fashe. Muka nemi ya nuna mana layin da ya taɓa yashewa, muka je muka tambayi mutanen wurin. Mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC muka fifita, don a san inda za a same shi. Biya kashi uku ne, na ƙarshe sai tifa ta kwashe komai an share titi.

Sharaɗin da na fi tsayawa a kai shi ne na kwalbati. A ɗaga silab biyu ko uku tun da sassafe, iska ta ratsa, a yi aikin daga sama da doguwar manjagara. In shiga ta zama dole, sai da igiya a ƙugu da mutum biyu a sama waɗanda ba su da wani aiki sai kallonsa. A ajiye ruwa da sabulu, kowa ya wanke hannu kafin ya ci abinci, saboda amai da gudawa, mai rauni a ƙafa kuma ya zauna gida.

Kuɗi ya ƙaru sosai, musamman na tifa, tun bayan cire tallafin mai a 2023 da komai ya tashi. Wasu magidanta sun yi ƙorafi, kuma ban ga laifinsu ba. Na karanta musu lissafin a ƙofar masallaci bayan la'asar, layi-layi, har da kuɗin asibitin shekarar farko. Bana mun fara karɓar kuɗin tun watan Maris, don a gama yasa kafin ruwan Mayu ya sauka.