Daga Falgore zuwa Uromi: tunanin wani tsohon maharbi

Bindigata tana rataye a bayan ƙyauren ɗakina, shekara tara ke nan rabon da in ɗura ta. Gwiwa ta ƙi, ido ya rage, dajin ma yanzu ba na shiga ba ne. Amma duk Juma'a in na sauko daga masallaci sai na sauke ta na goge ta da baƙin mai. Ran nan jikana, wanda ke buga mini wannan rubutu a wayarsa, ya same ni ina gugar, ya ce, "Kaka, ku da kuka ƙarar da ƙuruciyarku a dawa, ina ruwanku da kishin ƙasa? Ai wannan zancen 'yan boko ne da 'yan siyasa." Ban amsa masa ba a ranar. Sai da na kwana biyu ina juya maganar.

An haife ni a wani ƙauye cikin ƙasar Tudun Wada, kudu da Kano, inda in ka tsaya bayan gari da hantsi kana hango duhuwar dajin Falgore. Ina da shekara tara aka samu mulkin kai a 1960. Abin da na riƙe na ranar bai wuce kiɗa a ƙofar gidan dagaci ba, da wata 'yar tuta mai kore da fari da wani ɗan makarantar boko ya zo da ita muka yi ta binsa. Ban san me ake ce wa Nijeriya ba. Na dai san Kogin Kano, na san doka da marke da kirya, na san duwatsun wajen Riruwai.

Mahaifina maharbi ne, shi ma gada ya yi. Ranar da ya fara shiga da ni dawa cikin hunturu ne. Da muka hango gwanki huɗu suna kiwo a wani fako, sai ya durƙusa ya ɗebi ƙasa da yatsu uku, ya sake ta a hankali, ya dubi inda ƙurar ta bi. Ya ce mini cikin raɗa, "Iska munafuka ce, ita ke kai wa nama labarinka." Sannan ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yafa baƙin tsumma, ya shiga rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsun na tsince-tsince. Gwankin suka ɗago, suka dube shi, suka ci gaba da cin ciyawarsu. Ya matsa har ya kai inda ko jifa zai iya yi. Ina bayan wata suri zuciyata na bugawa, ina jiran ƙara. Shiru. Can sai na ga ya ja da baya. Ashe namijin da yake so ya tsaya ne a bayan wata mai ciki, kuma bindigar toka ba ta zaɓe, watsa harsashi take yi. Muka koma gida da zabi biyu. Na yi ta kumbure-kumbure a hanya, bai kula ni ba sai da muka zo bakin rafi ya ce, "Abin da ke cikinta rabon ɗanka ne, ba naka ba."

Mutanen birni in aka ce daji sai zaki ya faɗo musu a rai. Ni na yi fiye da shekara arba'in ina shiga, ban taɓa ganin wanda zaki ya kashe ba. Ƙishirwa ce ke kashe mutum cikin bazara, in ya bi sawun nama ya manta da rana har gorarsa ta ƙafe. Ƙudan zuma na kisa. Gobarar da iskar hunturu ta juyo da ita tana kisa. Ɓaunar da aka harba ba ta faɗi ba takan shiga duhuwa ta zagayo ta laɓe kusa da sawunta tana jiran mai binta. Sai kuma kububuwa.

Ita ce ta raba ni da aminina, wanda tare aka yi mana kaciya. Da kaka ne, mun yada zango, magariba ta yi, ya miƙa hannu zai jawo icen wuta. Na ji sautin nan nata, kamar an ɗiga ruwa cikin mai mai zafi, don goga jikinta take yi in ta fusata. Da ƙyar ta kai kamu guda, launinta sak na ƙasar wurin. Muka yi abin da muka gada: muka ɗaure hannun da igiya tamau, muka tsaga wurin da aska, muka jiƙa masa sassaƙe ya sha. Har hira ya yi da mu a daren, yana cewa ba wani zafi. Da asuba ya tofar da yawu, sai ga jini. Dasashinsa ya shiga tsattsafo, tsagar da muka yi ta ƙi tsayawa, ya yi fitsari ja wur. Muka haɗa gadon itace muka ɗauko shi zuwa titin Kano da Jos, ina riƙe da ta wajen kai, yana ta ce mini in kula da 'yarsa. A rana ta uku ya cika. Allah ya jiƙansa da rahama.

Sai daga baya wani malamin asibiti ya fahimtar da ni cewa dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, don haka tsagar da muka yi masa da hannunmu ƙofa muka buɗe wa jinin. Wannan magana ta daɗe tana hana ni barci. Yau akwai allurar kashe dafi, asibitin Kaltungo a jihar Gombe ma ya yi suna a kan saran maciji. Duk yaron da ya zo gaishe ni da bindiga a kafaɗa sai na faɗa masa: kada ka tsaga, kada ka ɗaure tamau, ka nufi asibiti tun mutum yana dariya.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Tsoron nan mun san shi, mun san ƙa'idarsa. Maciji ba ya biyo ka gida. Ɓauna ba ta neman kuɗin fansa.

A gaban idona dajin ya zube. An yi farin 1973, fadamu suka bushe. An gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya canza zama. Cutar bushiya ta 1983 ta karkashe shanun Fulani, ta taɓa har ɓaunan Yankari. Amma in na tsaya a nan ban yi gaskiya ba. Mu ma da hannunmu a ciki. Muka koyi farautar dare da fitila a goshi, wadda ba ta bambance mace da namiji. Aka shiga farautar gayya a cikin motoci da karnuka fiye da ɗari, a cinna wa daji guda wuta don zomo da gafiya. Ni kaina na tsallaka cikin gandun da gwamnati ta hana harbi, ba sau ɗaya ba, na kashe abin da mahaifina da zai bari. Ina neman gafarar Allah a kan wannan. Bayanmu masu gawayi suka zo, masu saran madobiya suka biyo. Nama ya ƙare, maharba na gaskiya suka daina shiga, ma'aikatan gandun daji suka yi ƙaranci. Daji kuwa ba ya zama ba mai shi. Wajen 2015 sai da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da Falgore mafaka, har aka kai ga kafa wa sojoji sansani a ciki. Rugu, Kamuku, Kuyambana, Sambisa, duk gandun daji ne da muka sani da sunan namun da ke cikinsu. Yanzu in ka ji sunayen a rediyo sai gabanka ya faɗi.

To ga amsar jikana. A Hausa kalma ɗaya muke da ita: ƙasar da mahaifina ya ɗiba da yatsu uku, da ƙasar da ake ce wa Nijeriya. Ni ta farkon na fara sani, ita ta kai ni ga ta biyun. Taken ƙasa an canza shi sau biyu ina raye, a 1978 da 2024, ban haddace ko ɗaya ba. Amma da aka sace 'yan matan Chibok a watan Afrilun 2014, maharba ɗaruruwa ne suka taru a Maiduguri da bindigar toka da kwari da baka, suna roƙon a bar su su shiga Sambisa. A watan Nuwamba na wannan shekarar, da aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, maharba da 'yan sintiri na cikin waɗanda suka shiga tare da sojoji. Ba albashi, ba fansho, wasunsu ko takalmin kirki babu. Sun san kowane kwazazzabo, sun san inda ruwa ke kwana cikin rani, kuma ba su iya zama su ga an ƙwace wurin da suka taka tun suna yara. Na ji labarin a rediyo ina zaune a zaure, sai da na yi ƙwalla.

Shi ya sa abin da ya faru a Uromi ya karya mini zuciya fiye da yadda zan iya faɗa. Ƙarshen watan Maris na 2025 ne, cikin goman ƙarshe na azumi. Maharba 'yan jihar Kano, da dama daga Torankawa a ƙaramar hukumar Bunkure, suna dawowa daga wajen Fatakwal don su yi Sallah a gida. Aka tare motarsu a garin Uromi na jihar Edo, aka ga bindigogin toka irin wadda ke bayan ƙyaurena, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Aka kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Na san mutanen yankin sun sha wuya a hannun masu satar mutane, kuma na san yadda tsoro ke rufe ido. Amma ko ɓauna ba ma harbi sai mun tabbatar da abin da ke gabanmu. Gwamnan Edo ya zo Kano ta'aziyya, an yi jawabai. Ni abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, waɗannan yara sun tsira daga maciji da kogi da duhun dajin Kudu, sai suka mutu a kan kwalta, a tsakiyar gari, a hannun 'yan ƙasarsu.

Bayan an gama girbi, ɗan ƙanena ya zo ya durƙusa. Shi ma can yake zuwa farauta duk rani, don a nan ba abin harbi. Ya ce, "Baba, in koma ko in haƙura?" Uwarsa na tsaye a bakin zaure tana jiran in hana shi. Na daɗe ban ce komai ba. Sannan na ce ya je, domin Edo da Ribas ƙasarsa ce kamar yadda Tudun Wada take, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na gindaya masa abin da mahaifina ke yi in ya shiga ƙasar wasu: ka fara zuwa gaban sarkin garin da goro, ka nemi shugaban maharbansu, ka kai kanka ofishin 'yan sanda su ga fuskarka da takardar bindigarka, kuma cinyar naman farko ta masu gari ce.

Ya tafi. Uwarsa tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ban kuma ga laifinta ba. Yakan kira duk daren Juma'a, ni kuwa tun la'asar nake ajiye wayar a gefen tabarma. A kiran da ya wuce ya ce zai dawo kafin azumi. Na ce ya faɗa mini motar da zai hau, da garuruwan da za su ratsa, ɗaya bayan ɗaya, jikana ya rubuta su a takarda.