Hutun Haihuwa Ga Maza: Wa Zai Biya Albashin?

Duk lokacin da aka tayar da zancen bai wa maza ma'aikata hutu da albashi idan matansu sun haihu, ba a rasa wanda zai yi tambaya cikin zolaya, wai shi mijin ne ya yi naƙudar? Wanda ya taɓa jinyar macen da aka yi wa tiyata aka ciro jariri ba zai ga abin dariya a nan ba. A kwanakin farko ba ta iya tashi zaune sai an tallafe ta, ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki jaririn, ga shi kuma yana neman nono duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana. Dole a sami mai miƙo mata shi, mai canja masa ƙunzugu, mai komawa asibiti karɓo magani, mai kula da yayyensa. A biranen da neman abinci ya raba mutane da danginsu, sau da yawa babu kowa a gidan sai mijin, shi kuwa ana jiransa a wurin aiki da sassafe.

Saboda haka ni ba na wahalar da kaina a kan ko hutun ya dace. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake tsara shi, domin ƙasashe da dama sun rubuta shi a doka amma maza suka ƙi ɗauka. A 1974 Suwidin ta fito da hutun da uwa da uba za su raba a tsakaninsu yadda suka ga dama, sai ya zamana kusan duk kwanakin iyaye mata ne ke ɗauka. Al'amarin bai fara sauyawa sosai ba sai da aka keɓe wa uba nasa kason, wanda in bai ɗauka ba ya bi ruwa. Norwe ce ta fara wannan a 1993 da mako 4, Suwidin ta bi sahu a 1995 da wata guda, yanzu kuma daga cikin kwana 480 da take bai wa iyaye, akwai kwana 90 na kowannensu da ba ya iya miƙa wa ɗayan.

Japan ta fi ba ni mamaki. Dokarta ta yarda uba ya yi hutu har na shekara guda, ana biyansa kusan kashi biyu cikin uku na albashinsa a watanni shidan farko, amma a 2019 waɗanda suka ɗauka ba su kai kashi 8 cikin 100 ba, sai a 2023 suka kai wajen kashi 30. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikaci yakan cike takardar neman hutu, ya dubi fuskar shugabansa, ya tuna cewa shugaban bai taɓa yin fashin aiki ba lokacin da aka haifa masa nasa 'ya'yan, ya kuma tuna ƙarin girman da yake hange, sai ya mayar da takardar cikin durowa.

Inda kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba, hutun yakan zama na masu hali. Birtaniya ta bai wa uba mako 2 tun 2003, sai dai abin da doka ta tilasta a biya shi bai kai abin da mai mafi ƙarancin albashi ke samu a cikakken mako ba. A Amurka dokar 1993 ta ba da mako 12 ba tare da ko sisi ba, kuma ba ta hau kan kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba. Mutumin da ɗawainiya ta ƙaru a kansa, ina zai iya yafe albashi?

Masu adawa suna da hujja guda da nake girmamawa. Mai ƙaramar masana'anta da ma'aikata biyar, in aka ce ya biya wanda ba ya aiki, ya kuma biya wanda zai riƙe masa gurbi, to an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Maganin wannan shi ne kuɗin ya fito daga asusun inshorar ma'aikata da kowa ke zuba wa, kuma ba sabon tunani ba ne. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2000, ta tanadar wa uwa aƙalla mako 14, ta kuma ce a biya ta daga inshora ko baitulmali, don kada masu ɗaukar aiki su riƙa gudun mata. Sifaniya ta bi wannan hanya ga maza: a 2021 ta daidaita hutun uba da na uwa a kan mako 16 da cikakken albashi daga asusun inshora, ta kuma wajabta mako shidan farko. Idan namiji ma zai tafi hutu, mai ɗaukar aiki ba shi da sauran dalilin tsallake budurwa ko amarya don tsoron za ta haihu.

Ana kuma cewa wasu mazan za su karɓi hutun su tafi sabgoginsu. Za a samu, babu shakka, kamar yadda ake samun masu ƙaryar ciwo, ba a kuwa soke hutun rashin lafiya ba saboda su.

Giɓin da ya fi damuna yana wani wurin. Kenya ta ba da mako 2, Najeriya ta amince da kwana 14 ga ma'aikatan gwamnatin tarayya a 2021, amma duk waɗannan dokoki suna magana ne da mai takardar ɗaukar aiki. Ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ta nuna cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya ba su cikin irin wannan tsari. Direban haya da tela da lebura ba su da wanda za su miƙa wa takardar neman hutu, kuma duk ranar da ɗayansu ya zauna gida riƙon jariri, ranar ba abin da zai shigo aljihunsa.