Saƙon godiya bayan aikin da aka yi mini a maƙogwaro

Alhamdulillahi. Yau mako shida ke nan da aka yi mini aiki a maƙogwaro, kuma tunda likita ya sassauta mini dokar yin shiru, na ga ya wajaba in gode wa duk waɗanda suka tsaya mini a wannan jarrabawa. Na zaɓi in yi godiyar a rubuce saboda har yanzu muryata ba ta jure doguwar hira, kuma da yawa daga cikinku kun kira waya ban ɗaga ba, ina roƙon ku yi mini uzuri.

Abin ya faro ne da dushewar murya, wadda na ɗauka ta mura ce. Mura ta wuce, murya ba ta washe ba, na kwashe wata uku ina gyaran murya ina cewa gobe za ta dawo, har sai da mai ɗakina ta kafe cewa lallai in ga likita. Ita ce ta farko a godiyata, domin daga baya na ji daga bakin likitoci cewa dushewar muryar da ta haura mako uku zuwa huɗu tana buƙatar a leƙa a gani da ido, balle ga wanda ya daɗe yana shan taba, kamar yadda na yi kafin Allah ya ba ni ikon dainawa.

Ina gode wa likitan kunne da hanci da maƙogwaro wanda ya fara duba ni. Ya fesa mini maganin kashe zafi a hanci, ya zura siririn bututu mai kyamara, ya ce in ja sautin "iii", sai ga igiyoyin muryata guda biyu a kan allo suna haɗuwa suna rabuwa, ta hagun ɗauke da wani farin tabo kamar an goga mata alli. Ya kunna wani haske mai ƙyaftawa wanda ke nuna kaɗawar igiyoyin a hankali, muka ga ta hagun ta ɗan sandare, sannan ya sauya zuwa haske mai shuɗi da kore wanda ke fito da ƙananan jijiyoyin jini. Na tambaye shi ko cutar daji ce. Ya ce, "Malam, sunan da muke kiran wannan tabo, lukoplakiya, ma'anarsa farin tabo kawai, abin da ke ƙarƙashinsa kuwa sai an ɗebi tsoka an duba." Na ji daɗin yadda ya tsaya iyakar abin da idonsa ya gani, bai tsorata ni ba kuma bai yi mini romon baka ba.

Wanda na fi jin nauyin godiyarsa mutum ne da ban taɓa gani ba, wato likitan ɗakin gwaje-gwaje wanda aka kai wa ɗan guntun tsokar da aka ciro ina cikin barcin allura, guntun da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kamar yadda aka zana mini a takarda, fatar da ta lulluɓe igiyar murya ƙwayoyin halitta ne jere hawa-hawa kamar bulo a katanga, kuma duk suna zaune a kan wani siririn tantani da ke matsayin harsashi. Idan ƙwayoyin suka fara canza kama, suna girma babu tsari, lalacewar takan taso ne daga ƙasa tana hawa, kuma muddin ba ta fasa wannan tantani ta shiga naman ciki ba, ba a kiranta daji mai yaɗuwa. Wannan hali na tsakiya shi ne ake kira displasiya, kuma aikin wannan bawan Allah shi ne ya auna yadda ɓarnar ta hau katangar da yadda ƙwayoyin suka munana.

A nan ne na gane cewa kalma ɗaya a takardar sakamako tana iya sauya komai. Takardata ta ce displasiya "matsakaiciya", na saki jiki ina ganin ai matsakaicin abu da sauƙi. Likita ya zaunar da ni ya bayyana cewa wannan lafazi na tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ne na 2005, wanda ya kasa abin zuwa mai sauƙi da matsakaici da mai tsanani, sai kuma dajin da bai tsallake tantani ba. An lura cewa ƙwararru biyu suna iya duba gilashi ɗaya da aka shimfiɗa tsokar a kai su saɓa, musamman a matakin tsakiya, shi ya sa a 2017 Hukumar ta taƙaita shi zuwa mataki biyu, na ƙasa da na sama, tana dogaro sosai da tsarin da masanan Lubliyana ta ƙasar Sulobeniya suka daɗe suna tacewa. A sabon tsarin, matsakaiciyar da na yi murna da ita tana cikin matakin sama. Ranar ban runtsa ba. A ganina sabon tsarin ya fi yi wa majinyaci adalci duk da ɗacinsa, domin kalmar "matsakaici" tana sa mutum sakaci, kuma ni shaida ne.

Ina kuma gode wa likita na biyu da aka aika wa gilasan ya sake karantawa, wanda ya nemi a ƙara yanko sassa daga tsokar don a tabbatar tantanin bai fashe a wani lungu ba. Kwana goma na jiran amsarsa sun fi mini aikin kansa wuya. Da amsa ta zo cewa tantanin yana nan lafiya, sai aka sake sa ni barci aka kankare wurin da hasken leza, cikin taka-tsantsan don kada a taɓa zurfin igiyar a lalata murya.

Ga ma'aikatan jinya da likitan sa barci, Allah ya saka da alheri. Haka ma malamar gyaran murya, wadda ta hana ni raɗa, ta ce tana wahalar da igiyoyin, ta kuma koya mini busa sauti ta tsinken shan ruwa a cikin kofi, abin da ya mai da ni abin dariyar yarana safe da yamma. Yayana ya yi ta zirga-zirga da ni zuwa asibiti, ƙanwata ce ta riƙe wayata tana amsa gaisuwa, abokan aiki kuma suka raba nauyina a tsakaninsu ba tare da na roƙa ba. Littafin da na riƙa rubuta buƙatuna a makon shiru yana nan na adana, rabinsa "ruwa" ne da "na gode".

Ba a sallame ni gaba ɗaya ba. Wani nazari da aka buga a 2010, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa kusan ɗaya cikin bakwai na irin waɗannan sauye-sauye yakan rikiɗe ya zama daji, a masu tsanani kuwa kusan uku cikin goma, kuma sau da yawa sai bayan shekaru. Saboda haka zan ci gaba da komawa ana leƙawa da kyamara, da farko a kai a kai, daga baya a rage. Ina roƙon ku ci gaba da sa ni a addu'a. Masu son zuwa dubiya kuma ƙofa a buɗe take, sai dai ku zo da labari a bakinku, domin ni saurare zan fi yi.