Gishirin da Ke Tafiya

Ranar farko da aka ba ni gishirin dutse in shirya shi don dubawa a madubin ƙara girma, ruwa na zuba masa. Haka hannuna ya saba da sauran duwatsu: a goga a kan faranti da ruwa har kaurin ya koma milimita 0.03, haske ya iya ratsawa. Kafin in ankara, gefunan sun zagwanye. Malam ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kai ɗan nan, gishiri ne fa. A gidanku ba a miya?" Na ce, "A yi haƙuri, Malam." Gutsuren daga Kewra ta Pakistan ya fito, mai ruwan hodar nan da ake tallarsa da sunan Himalaya, kuma biyu kacal muke da su. Daga ranar na koyi goga shi a bushe ko da mai. Na kuma koyi duba kalanda: a hunturun Kano sai ka bar shi a kan tebur ya kwana lafiya, amma a watan Agusta, da zarar laimar iska ta haura kashi 75 cikin 100, sai ya fara gumi kamar na cikin kwanon Inna.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gishiri yana tafiya. Tekun da ya ƙafe ne ya bar shi, ƙasa ta binne shi, nauyi da zafi suka matsa shi. Da yake bai kai duwatsun da suka danne shi nauyi ba, sai ya riƙa kutsowa sama a hankali kamar tuwon da aka matsa a tafin hannu. A tsaunukan Zagros na Iran, wani gishiri da ake kira Hormuz mai shekara sama da miliyan 500 ya ɓullo fili yana gangarowa daga kan tudu, don ruwan saman wurin bai isa ya narkar da shi ba.

To, duk wannan tafiyar tana rubuce a cikin ƙwayoyin. Na sayo ɓallin kantun Bilma a Kasuwar Kurmi don in gwada. Shi rana ce ta busar da shi, hannu ya curo shi, ƙwayoyinsa sako-sako da ƙasa-ƙasa a tsakani. Na tsauni kuwa sun manne ƙam, babu ko kafar allura. Gishirin da bai sha matsi ba yakan riƙe ɗigon ruwan tekun asali a cikin ƙwayarsa, a jere layi-layi. Wanda ya sha matsi yakan sake sabuwar ƙwaya, layukan su goge. Cikin babbar ƙwaya kuma sai ka ga ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma, kuma gwargwadon ƙanƙantarsu gwargwadon matsin da ta sha.

Abin dariya, ruwan da ya ɓata mini aiki shi ke fito da wannan saƙa. Ana tsoma fuskar da aka goge cikin ruwan gishirin da ya kusa ƙoshi, wato ya kusa daina narkar da ƙarin gishiri, na 'yan daƙiƙoƙi, a busar nan take. Ka ƙara jinkiri kaɗan, ka koma gidan jiya.

Abokan zaman gishirin, wato ma'adinan da ake samu tare da shi, ba su da wuyar ganewa. In aka gicciya matatun hasken madubin, gishiri baƙi ƙirin yake zama, jibsam ya fito toka-toka, anhaidarait kuma ya yi ado kamar atamfa. Jibsam ɗin nan, wanda ake yin silin P.O.P da shi, farce ma yana kartarsa. Anhaidarait ɗan uwansa ne da ba shi da ruwa a jiki. In ya sha ruwa ya koma jibsam yakan kumbura da kusan kashi 60 cikin 100, shi ya sa injiniyoyin da ke haƙa hanyar ƙarƙashin tsauni ba sa son cin karo da shi.

Gutsure na biyu sai da na jira Disamba kafin na taɓa shi. Yana nan cikin kwalba mai murfin roba, Malam ya rubuta a jiki da jan biro: "Ban da ruwa."