Bari jirgin ya zagaya tukuna, kafin ka zuba gam

Wani matashi da ya fara zuwa zamanmu na masu gina ƙananan layukan jirgin ƙasa ya miƙo min wayarsa yana murmushi, ya ce, "Baba, duba abin da zan gina." Na duba. Zanen ya cinye ɗaki guda daga bango zuwa bango: hawa biyu, gada a kan kwazazzabo, ramin da ya ratsa dutse, tasha mai layi shida, har da tashar jiragen ruwa a kusurwa. Na tambaye shi faɗin teburin ta ɓangaren da ya jingina da bango, ya ce santimita 120. Na ce to idan tarago ya goce a can ƙurya, da wane hannu za ka ɗauko shi? Ya ce ai ya ga wani a bidiyo ya yi haka kuma lafiya lau. Ya riga ya sayi kan jirgi huɗu da buhun filasta, amma ko taku ɗaya na layi bai taɓa shimfiɗawa ba.

Raina ya ɓaci fiye da yadda abin ya kamata, kuma na san dalili. Zanen nan nawa ne. Ni a kan takarda na yi shi da fensir, shi a waya, bambancin ke nan.

Abin da ya ja ni tun farko hotuna ne. A tsofaffin mujallu na ga aikin John Allen, mutumin Kalifoniya da ya gina layin da ya sa wa suna Gorre & Daphetid, mai duwatsun da suka tashi tun daga daɓen ɗaki har suka wuce kan mutum. Na ce ni ma sai na yi irinsa. Na zaɓi ma'aunin HO, wanda ake rage komai sau 87, tazarar ƙarafunan layinsa milimita 16.5, mutum a cikinsa bai wuce santimita biyu ba. Na karɓe ɗakin da ya fi girma a gidan, na kafa tebur mai faɗi, na ɗaure shi da bango da ƙusoshi kamar ba zan taɓa tashi daga gidan ba.

Lissafin farko da ban yi ba shi ne na tsawo. Kilomita ɗaya ta gaske, idan ka rage ta zuwa HO, tana cin mita 11 da rabi. Taragon fasinja na zamani ɗaya yana kai santimita 30. Wato jirgin da na yi mafarki, mai tarago goma, kansa yana shiga tasha ta biyu wutsiyarsa ba ta gama fita daga ta farko ba. Don in cusa komai a ɗakin sai na matse kwanoni. A HO kwana mai inci 18, wato awon daga tsakiyar da'irar zuwa layi, tana cikin ƙananan da aka saba sayarwa, kuma gajerun taragu kawai take yi wa daɗi. Dogayen taragun da na fi so sai su riƙa leƙowa waje a kwana, ƙugiyarsu ta ja na gaba, ƙafa ta hau kan ƙarfe, jirgi ya kwanta.

Sai maganar hawa. Idan kana son layi ya haye ta saman wani, sai ka ɗaga shi wajen santimita takwas zuwa tara. Masu hankali ba sa wuce hawan kashi biyu cikin ɗari, wato santimita biyu a kowace mita, don haka hayewar nan kaɗai tana neman mita huɗu ko fiye. Ni ba ni da mita huɗu a wurin, sai na ninka tsananin hawan na ce injin mai ƙarfi ne. Kan jirgin da yake jan jerin taragu cikin sauƙi a miƙaƙƙen wuri, da ya zo nan sai ƙafafunsa su yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Da a nan na tsaya na gyara, da da sauƙi. Amma gyaran layi ba ya burge kowa, dutse kuwa yana burgewa. Sai na bar layin da matsalarsa na koma gina duwatsu. Na ɗaura ragar waya, na lulluɓe ta da tsumma da filasta, na sassaƙa tsagogin dutse da wuƙa, na yi fenti hawa-hawa har ya zama kamar ruwan sama ya daɗe yana zuba a kai. Na rufe ramin jirgin ruf, ban bar ƙofar sa hannu ta baya ba. Na zuba tsakuwa tsakanin ƙarafuna, na tsiyaya mata gam da aka tsinka da ruwa, gam ya gangara cikin mararrabar layi ya daskare, harshen mararrabar ya ƙi motsi. Har yau ina iya ganin kaina a durƙushe a kan tebur, gwiwa ɗaya a kan gonar da na kwana ina dasa mata bishiyoyi, ina zura sanda mai lanƙwasasshiyar waya cikin ramin don in jawo taragon da ya faɗi a ciki, ina jin filasta tana tsagewa a ƙarƙashina.

Ba zan ce duk wauta ba ce. Dutsen nan ya yi kyau, duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya yi shiru. A kansa na koyi haɗa launi da sassaƙa, kuma da ƙaramin allo na fara da wataƙila ban taɓa koyon su ba. Sannan a lokacin ba kamar yanzu ba ne da mutum zai danna waya ya ga yadda ake komai. Tsohon layin tagulla na samu a hannun wani, ban san cewa dattin da tagulla take yi ba ya barin wuta ta wuce ba, shi ya sa mutane suka koma ƙarfen da ake haɗawa da nikel. Wa zai gaya min?

To, a nan gaskiya take kama ni, domin akwai masu gaya min. Ni ne na daina zuwa wurinsu.

Zaman da muke yi, duk wanda ya taɓa halarta ya san yadda yake. Mutane sun kewaye tebur, wani yana liƙa waya da dalma, wani yana goge ƙafafun inji da tsumma, bakin kowa kuma yana kan wani abu daban: ciwon gwiwa, yaron da ya ƙi karatu, rufin da yake yoyo, shugaban wurin aiki mai wuyar sha'ani, wanda aka yi wa aiki a asibiti. Ni a lokacin gani nake ɓata lokaci ne. Na zo koyon jirgi ana ba ni labarin gwiwa. Sai na janye na shige ɗakina, na ce idan na gama zan gayyace su su ga aiki. Abin da ban gane ba shi ne ilimin a cikin hirar yake fitowa. Ana tsaka da maganar rufi mai yoyo wani zai ce danshi ya kumbura masa katakon tebur har layi ya lanƙwashe, shi ya sa yanzu yake barin 'yar tazara tsakanin ƙarafuna kuma yake shafe katako da fenti ciki da waje. Ba wanda zai tsara maka wannan a matsayin darasi. Sai kana zaune za ka tsinta. Nawa teburin haka ya kumbura, na yi ta zargin injin.

Akwai wani dattijo a cikinsu, gwanin wayoyi, da ya ce zai zo ya duba min dalilin da jirgi yake rage gudu idan ya yi nisa da taransifoma. Na ce masa na kusa gano abin. Ƙarya nake, kunya ce ta hana ni, ba na son ya ga ƙarƙashin teburina. Amsar kuwa ƙarama ce: na dogara da 'yan maɗauran da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe su kai wuta ko'ina, alhali suna saki, suna datti. Abin da ake yi shi ne a ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, a riƙa ɗauko siririyar waya daga jikinsu ana liƙa wa kowane yanki na layi. Da zama ɗaya ya nuna min. Ya rasu ban kira shi ba, kuma abin da ya fi damuna ba wayar ba ce, ashe duk watannin da yake maganar ciwonsa a zaman nan ni ba na wurin.

A gida ma haka. 'Yata tana ƙarama takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, yaushe jirgin zai tafi?" In ce saura kaɗan, kada ki taɓa. Ta yi ta tambaya har ta daina. Nakan kare kaina in ce ai ba yawon banza na tafi ba, ina cikin gida, kuma bayan wahalar aiki ɗakin nan ne kawai wurin da kaina yake hutawa. Gaskiya ne, ba kuma zan janye ba, mutum yana da haƙƙin abin da zai sanyaya masa rai. Amma da da'ira ɗaya na shimfiɗa a kan ƙaramin tebur na ba ta abin juya gudu a hannu, da ta ga jirgi yana tafiya tun a ranar. Da muka zo tashi daga gidan, teburin bai fita ta ƙofa ba. Da zarto na yanka dutsen.

Daga baya ne na lura da abin da hotuna ba su nuna min ba. John Allen da ƙaramin layi ya fara, wanda bai wuce kamar mita ɗaya da mita biyu ba, ya ƙware a kansa, sannan ya shigar da shi cikin babban. Ya yi shekaru kusan ashirin yana gina na ƙarshen, ya rasu a Janairun 1973 bai kammala ba, bayan 'yan kwanaki gobara ta cinye shi. Su kuma yaran yanzu ba mujalla suke kallo ba, Miniatur Wunderland na birnin Hambag a Jamus suke kallo, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, mai layin da ya haura kilomita 15. Ba sa tsayawa su ga cewa ma'aikata ne masu yawa suke gina shi, sashe bayan sashe, kuma har yanzu ana ƙarawa. Bidiyon minti goma ya nuna musu allo ya zama gari, an yanke duk inda aka yi kuskure aka sake. Sai yaro ya zo yana gyara wa wanda ya yi shekaru yana ƙona yatsa da dalma magana, da hujjar wai ya gani. Kana yi masa bayani idonsa na kan waya. Wannan hali yana ci min rai.

Na zauna da niyyar in jera shawarwari masu yawa, amma da na tace su kaɗan suka rage.

Kada ka zuba gam, kada ka kwaɓa filasta, sai jirgi ya yi makonni yana zagaya layin tsirara, gaba da baya, a hankali da gudu, da taragonka mafi tsawo, ba tare da ya goce ko ya tsaya ba. Duk inda hannunka ba ya kai wa cikin sauƙi, wato abin da ya wuce santimita 60 zuwa 75 daga bakin tebur, kada ka sa layi a wurin. Wannan ba na tattaunawa ba ne.

Ka fara da ƙarami. Allo mai faɗin taku ɗaya da tsawon taku huɗu ko biyar ya isa. Akwai tsarin da wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya yi suna da shi, ana ce masa Inglenook: gajerun layuka uku, ɗaya yana ɗaukar tarago biyar, biyu suna ɗaukar uku-uku, taragu takwas ne duka, aikinka ka haɗa jirgi mai tarago biyar bisa jerin da ƙuri'a ta ba ka. Jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. A kan wannan allon za ka koyi shimfiɗa, liƙi, tsakuwa da fenti, kuskurenka kuma ba zai fi ƙarfin gyara ba. Sai dai ina faɗa ina jin wani abu yana ja na. Na san wanda ya bi wannan shawara sak, allon ya gundure shi, ya bar sha'awar gaba ɗaya. Wani mutumin dutsen ne yake riƙe shi. Idan kai irinsa ne, ɗana, gina dutsenka, ba zan hana ka abin da ni ma na ji daɗinsa ba. Amma ka gina shi gunduwa-gunduwa, kowace ta iya fita ta ƙofa a hannun mutum biyu, a ɗaure su da noti. Ƙungiyoyi irin su NTRAK a Amurka da FREMO a Turai a kan haka suka ginu: kowa ya yi nasa yanki bisa awo ɗaya, a haɗu a jona su su zama dogon layi.

Ka zauna a hirar. Ajiye wayar, ka riƙe wa wani tocila, ka ji labarin gwiwarsa har ƙarshe, ka tambayi jikin matarsa a zama na gaba. Ka bari su ga ƙarƙashin teburinka tun yana da muni. Ba kuma ina cewa ka haɗiye duk abin da tsofaffi suka faɗa ba. Lokacin da tsarin DCC ya shigo, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, NMRA, ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990, da yawa daga cikinmu mun ce kayan ƙawa ne. Mun saba da raba layi kashi-kashi da makunnai barkatai don jirgi biyu su yi tafiya. A DCC kuwa wuta tana kan layi koyaushe, kowane kan jirgi yana da ɗan guntun na'ura a cikinsa mai lambarsa, ka kira wanda kake so ya amsa. Matasa ne suka fi mu gaskiya a nan, ni ma a hannun wani yaro na koyi saita lambar. In wani dattijo ya ce maka ka fara da tsohon tsari don ka san wahala, ka gaishe shi da ladabi ka sayi na zamani.

Kuma ka dakata da saye haka nan. Kan jirgi huɗu ba layi, me za su taka? Ka zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kai. Idan ɗakinka ƙarami ne ka duba N, mai ragi sau 160 da tazarar milimita tara, domin abin da zai ci mita huɗu a HO a can bai fi mita biyu da 'yan kai ba, in dai idonka da yatsunka za su iya da ƙananan kaya. Kan jirgi ɗaya ya isa, sauran ukun ka mayar da su kwalinsu, ka ajiye inda ƙura da danshi ba sa kai wa, kuɗin na biyar ɗin da kake shirin saye kuma ka sayi abin liƙin dalma mai kyau da na'urar gwada wuta.