Dillalan da ke zaune a kan RNA

Tun 2004 Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasarta gwajin jini kafin ɗaurin aure, don a gano masu ɗauke da sikila da talasimiya. Sikila kam, a gidajenmu na Hausawan Jidda da Makka ba baƙuwa ba ce. Talasimiya, wani ciwon ƙarancin jini na gado, ita ce ake yawan tambayata a kai, saboda an san a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, kuma ita ce ta ja ni cikin fannin da nake son in yi magana a kai yau, wato yadda jiki ke yanka RNA, kwafin saƙon gado, da furotin masu kula da wannan yankan.

Saƙon gado a rubuce yake da wasu haruffa. A sikila, harafin da ya canza yana cikin sashen ƙwayar gado da ake karantawa a gina furotin. A wani nau'in talasimiya da ya yawaita a ƙasashen Tekun Fasha da Pakistan da Indiya kuwa, wannan sashen lafiyarsa lau. Matsalar tana harafi na biyar na wani yanki da jiki ke yankewa ya yar. To yaya abin da za a yar zai hana mutum jini?

Ƙwayar gado ba a jere take tiryan-tiryan ba. Idan aka kwafo ta daga DNA, inda take a ajiye, zuwa RNA, kwafin yana zuwa da yankuna masu amfani, ekzon, da wasu a tsakaninsu da sai an cire, intiron. Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano haka a 1977, aka ba su kyautar Nobel a 1993. Mai yankan wani babban inji ne a cikin ƙwayar jiki, wanda ƙananan sassa biyar suka haɗu suka yi: U1, U2, U4, U5 da U6. Kusan kowane intiron da haruffan GU yake farawa, ya ƙare da AG, kuma U1 ne ke fara zama a bakin farko, yana duba 'yan haruffan da ke biye. Harafi na biyar yana cikinsu. Idan ya canza, U1 ba ya samun wurin zama mai kyau, sai injin ya yi yanka a inda bai dace ba.

Amma GU da AG sun cika RNA birjik, ba za su isa su nuna wa injin hanya ba. Nan ne furotin masu kula da yanka suke shigowa, kuma ni a kasuwa na fi gane su. Akwai dillalai, dangin SR, waɗanda ke zama a kan ekzon su jawo hankalin injin, su ce ga haja mai kyau, a saya. Akwai kuma 'yan hana ruwa gudu, irin su hnRNP A1, masu zama a kusa su rufe wurin har injin ya tsallake ekzon ɗin gaba ɗaya. Wanda ya fi yawa ko ya fi riƙo a wannan ƙwayar jikin, a wannan lokacin, shi ke cin ciniki. Ba kullum abin yake rabuwa gida biyu haka ba. Wasu, kamar Nova da RBFOX a ƙwaƙwalwa, idan suka zauna bayan ekzon sai su sa a haɗa da shi, idan suka zauna kafinsa su sa a tsallake.

Shi ya sa ƙwayoyin gado kimanin 20,000 suke isar ɗan Adam. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ekzon da yawa ana yanka su ta hanya fiye da ɗaya. Ƙwayar gado ɗaya ce ke ba da sinadarin kalsitonin a maƙogwaro, a gaɓar nan da kumburinta ke kawo maƙoƙo, sannan a jijiyoyi ta ba da wani sinadarin daban, CGRP, wanda ke da hannu a ciwon ɓarin kai.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ciwon SMA, mai kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka. Auren zumunci yana ƙara yiwuwarsa, mu kuwa da Larabawa duk muna yi. Wani jariri a danginmu ya kai watanni bai iya riƙe wuyansa ba, ƙafafunsa sakwaf, kukansa ba ƙarfi, numfashinsa da ciki. Gwaji ya nuna ba shi da ƙwayar gadon SMN1. Da nake yi wa Goggo bayani na ce mata yana da wata ta biyu mai kama da ita, SMN2. Sai ta ce, "To ke 'yar nan, in akwai ta ajiya, me ya hana ta aiki?"

Na ce, "Goggo, harafi ɗaya ne." A ekzon na 7 na SMN2, T ya maye gurbin C. Wannan canjin bai ɓata furotin ɗin da za a gina ba. Abin da ya yi shi ne ya raunana mazaunin wani furotin na SR mai suna SRSF1, ya kuma buɗe wa hnRNP A1 ƙofa. Sai injin ya riƙa tsallake ekzon na 7, cikakken furotin da ake samu bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba.

Maganin nusinersen, wanda Adrian Krainer na cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor ya yi aiki a kansa tare da kamfanin Ionis, ɗan guntun zare ne mai kama da RNA, mai haruffa 18. Yana manne wa wani wuri a intiron na 7, daidai inda hnRNP A1 ke zama, ya hana shi. Amurka ta amince da shi a Disamban 2016. Allura ce a ruwan ƙashin baya, bayan na farko-farko sai duk wata huɗu. A 2020 risdiplam ya biyo baya, na sha ne kullum, shi kuma riƙon U1 a bakin ekzon na 7 yake ƙarfafawa.

Duka biyun ba sa dawo da jijiyar da ta riga ta mutu, wadda ta rage suke tsarewa, don haka jaririn da aka fara wa da wuri ya fi amfana nesa ba kusa ba. A takardar gwajin akwai layin da nake fara dubawa, wato yawan kwafin SMN2. Mai kwafi biyu ciwonsa yakan fi tsanani, mai uku ko huɗu yakan samu sauƙi. Jaririnmu uku gare shi, an kuma fara masa magani.